Zaɓen Ƙananan Hukumomin Abuja: A Ƙirga Ƙuri'u Kafin A Ce Jama'a Sun Sauya Jam'iyya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana kan yadda ake karanta sakamakon zaɓen ƙananan hukumomin Abuja. Tun da aka kammala zaɓen ranar 21 ga Fabrairu, 2026, zancen da ake ji a rediyo da teburin mai shayi da shafukan Facebook bai wuce guda ba: APC ta ci biyar, PDP ta tsira da Gwagwalada, don haka mutanen Abuja sun koma APC. Maganar kujeru biyar gaskiya ce. Amma maganar cewa jama'a sun koma wata jam'iyya, ba a yawan kujeru ake ganinta ba. Sai an buɗe takardun sakamako an ga mutum nawa suka fito, daga wace mazaɓa, kuma wa suka bi.

Abin da ya sa zaɓen Abuja ya cancanci wannan wahala shi ne, a duk faɗin Najeriya nan ne kaɗai hukumar INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi. A jihohi 36, hukumomin zaɓe na jiha ne ke yi, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninsu. Sakamakonsu sananne ne tun kafin a buga takardar ƙuri'a. A Filato, APC ta lashe ƙananan hukumomi 17 duka a watan Oktoban 2021, sai PDP ta lashe 17 ɗin duka a Oktoban 2024 bayan gwamnati ta koma hannunta. A Kano NNPP ta kwashe 44 a 2024, a Kaduna kuma APC ta kwashe 23 a shekarar. Babu wanda zai ɗauki irin wannan sakamako ya auna farin jinin jam'iyya da shi. A Abuja kuwa ana tantance mai zaɓe da na'ura, ana liƙa sakamako a rumfa, kuma jam'iyyar da ke mulki tana faɗuwa. Saboda haka alƙaluman nan suna da abin faɗa, in an karanta su yadda ya kamata.

Ƙananan hukumomin shida ne: AMAC, wato ta birni da kewaye, da Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Mazaɓu 62 gare su. AMAC na da 12, sauran biyar ɗin kowace na da goma. Kujerun da ake takara a kansu ke nan 68, shugabanni shida da kansiloli 62, a rumfunan zaɓe 2,822.

A duba jerin zaɓukan baya. A 2013, lokacin PDP na riƙe da fadar shugaban ƙasa, ta ci biyar, ANPP ta ci Gwagwalada. A 2016, shekara guda bayan hawan Muhammadu Buhari, APC ta ci biyar, APGA ta ci Gwagwalada. A 2019 APC ta riƙe huɗu, PDP ta karɓe Bwari da Kuje. A ranar 12 ga Fabrairu, 2022, aka yi canjaras: PDP ta ɗauki AMAC da Bwari da Kuje, APC ta ɗauki Gwagwalada da Kwali da Abaji. A 2026 aka koma tsohon tsari, jam'iyyar da ke mulkin ƙasa biyar, Gwagwalada ita kaɗai a gefe. Sau uku ke nan cikin zaɓuka biyar ana samun wannan fasali, da jam'iyyu daban-daban a sama. Wanda ya ga haka ya san cewa akwai abin da ke jan kujerun nan zuwa ga mai riƙe da gwamnatin tarayya, ko wane ne shi. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Minista ne ke riƙe da filaye da kwangiloli da manyan hanyoyi, kuma ɗan siyasar ƙaramar hukuma ya san inda ake raba abinci.

To sai maganar mutum nawa suka fito, wadda ita ce jaridu suka fi tsallakewa. A 2022 masu rajista a Abuja sun kai 1,373,492. Christopher Zakka Maikalangu ya ci AMAC, ƙaramar hukumar da fadar shugaban ƙasa da Majalisar Tarayya da kasuwar Wuse ke cikinta, da ƙuri'a 19,302. John Gabaya ya ci Bwari da dubu 13 da 'yan kai, haka ma Abdullahi Sabo a Kuje. Abubakar Jibrin Giri ya ci Gwagwalada da dubu 11 da ɗoriya. A Kwali da Abaji wanda ya yi nasara bai kai ƙuri'a 8,000 ba, kuma a Kwali tazarar da ke tsakanin Danladi Chiya da ɗan takarar PDP kusan ƙuri'a 300 ce kacal. In aka haɗa ƙuri'un shugabannin nan shida gaba ɗaya, kimanin 72,000 za a samu.

Shekara guda bayan haka, a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, Peter Obi na jam'iyyar Labour ya samu ƙuri'a 281,717 a Abuja, Bola Tinubu ya samu 90,902, Atiku Abubakar ya zo na uku da kimanin 74,000. Wato wanda ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasa ya fi dukan shugabannin ƙananan hukumomi shida ƙuri'a in an tara nasu wuri guda. Jam'iyyar Labour, wadda ba ta da ko shugaban ƙaramar hukuma ɗaya, ta kayar da Sanata Philip Aduda, wanda ya daɗe a kan kujerar, ta ba Ireti Kingibe, ta kuma ɗauki kujerar wakilin AMAC da Bwari. Da a ce sakamakon 2022 ma'auni ne na ra'ayin mutanen Abuja, da ba a ga haka ba. Abin da ya faru a fili yake: masu zaɓe iri biyu ne a garin nan, kuma ba rana ɗaya suke fitowa ba.

Kashi na farko su ne mazauna Gwarinpa da Wuse da Garki da Kubwa da Lugbe da rukunin gidajen da ke zagaye da birni: ma'aikatan gwamnati, ma'aikatan kamfanoni, 'yan kasuwa, matasa masu digiri. Su ne mafi yawa a rajista. Zaɓen shugaban ƙasa ne ke fito da su. Da yawansu 'ya'yansu ba sa makarantar firamare ta gwamnati, ba sa zuwa asibitin sha-ka-tafi, rijiyar burtsatse suke sha a cikin gida, don haka ba su ga abin da ciyaman zai tsinana musu ba. Ranar zaɓen kansila, in an hana zirga-zirga, hutu suka samu. Kashi na biyu su ne 'yan asalin yankin, Gbagyi da Gade da Koro da Bassa da Ganagana da Gwandara da Egbura, tare da Hausawa da Fulani da sauran waɗanda suka daɗe a tsofaffin garuruwa irin su Zuba da Abaji da Karshi da Gwagwa. Tun da aka ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, waɗannan mutane ba su da gwamnan da za su zaɓa, ba su da ɗan majalisar jiha. Sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu ga dukan yankin. Kujerar ciyaman da ta kansila su ne suka rage musu, kuma a nan ake yanke wanda za a ɗauka aikin koyarwa, da ƙauyen da za a kai wa taransifoma, da wanda zai tsaya musu in maganar rusau ko diyyar gona ta taso. Ba sa wasa da wannan zaɓe. Shi ya sa ake ganin Abaji da Kwali, masu ƙarancin rajista, sun ninka AMAC a kason waɗanda suka fito.

A 2026 Maikalangu ya sake cin AMAC, wannan karon a APC, da ƙuri'a kimanin 40,000, ADC ta zo ta biyu. Ƙuri'arsa ta ninka ta 2022, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai masu rajista a AMAC sun haura 800,000, waɗanda aka tantance ranar zaɓe kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Waɗanda suka dangwala masa ba su cika biyar cikin ɗari na masu rajista ba. Sauran, su ne fa mutanen da suka juya Abuja a 2023, kuma har yanzu ba wanda ya ji ta bakinsu. Duk wanda ke lissafin 2027 da sakamakon nan, ko na gwamnati ne ko na adawa, yana lissafi da mutanen da ba su ne za su yanke hukunci ba.

Abu na gaba da ƙirgen kujeru ke ɓoyewa shi ne sauya sheƙa. A taswira AMAC ta tashi daga PDP ta koma APC. A ƙasa kuwa mutum ɗaya ne a kan kujerar kafin zaɓe da bayansa. Maikalangu ya bar PDP a 2025, ya tafi da shugabannin mazaɓu da shugabannin mata da matasan da ke kai masa mutane rumfa. Haka aka yi a Gwagwalada shekarun baya: Adamu Mustapha Danze ya ci a APGA a 2016, ya sake ci a APC a 2019. Babu mai cewa mutanen Dobi da Paiko da Tungan Maje sun karanta manufofin APGA sun gamsu, sannan bayan shekara uku suka sake tunani. Mutuminsu suka bi, ya ɗauki zakara suka dangwala wa zakara, ya ɗauki tsintsiya suka bi tsintsiya. A siyasar ƙaramar hukuma jam'iyya riga ce, in ta matse a cire a sa wata.

Ga kuma abin da ya faru ana gab da zaɓen 2026, inda 'yan takarar PDP a AMAC da Bwari suka janye wa na APC. Ministan Abuja Nyesom Wike, wanda aka naɗa a watan Agustan 2023, ɗan PDP ne a suna amma yana aiki a gwamnatin APC, kuma bai ɓoye cewa masu goyon bayan Shugaba Tinubu zai mara wa baya ba. Jam'iyyar Labour ta shiga rikicin shugabanci, Sanata Kingibe ta koma ADC. Idan babbar jam'iyyar adawa ta ajiye takara a ƙananan hukumomi biyu mafiya yawan jama'a, raguwar ƙuri'arta a can ba hukuncin masu zaɓe ba ne, yarjejeniyar manya ce. Ba mu ce hanyoyin da aka shimfiɗa a karkarar Kwali da Kuje da Bwari ba su yi tasiri ba. Sun yi, domin manomin da ya daina kwana a hanya da doyarsa ya san abin da ya gani. Amma ware ƙuri'ar da hanya ta kawo daga wadda janyewa ta kawo sai an sauka mazaɓa.

Gwagwalada ta isa a tsaya a kanta. Gari ne na jami'a da asibitin koyarwa, ga Zuba da tashoshinta da kasuwar kayan marmari, ga ƙauyukan Gbagyi da Bassa a bayanta. Babu ƙabila ɗaya ko addini ɗaya da zai iya cin zaɓe shi kaɗai a can, dole sai an yi haɗaka, kuma haɗakar kan warware a duk lokacin da aka yi zaɓen fid da gwani da bai yi wa wani ɓangare daɗi ba. Mohammed Kasim, wanda ya ci a PDP a 2026, shi ne ya zo na biyu a 2022 da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 2,000 ba. Shekara huɗu yana riƙe da mutanensa. Nasararsa ba alama ce ta farfaɗowar PDP a Abuja ba, kamar yadda nasarar Danze a 2016 ba ta sa APGA ta zama jam'iyyar Arewa ba. Abin da take nunawa shi ne, inda ɗan takara ke da tushe kuma jam'iyyarsa ba ta janye shi ba, ƙarfin gwamnati bai isa ya kayar da shi ba. Wannan darasi ya fi amfani ga 'yan adawa fiye da kukan maguɗi.

Yanzu ga yadda ya kamata a karanta sakamakon. Doka ba ta ce wanda ya fi yawan ƙuri'a kawai shi ne ciyaman ba. Sai ya haɗa da samun aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na mazaɓu. A AMAC mazaɓu takwas ke nan cikin 12, a sauran kuma bakwai cikin goma. Kansila kuwa rinjaye kawai yake buƙata, ko da na ƙuri'a ɗaya ne. Saboda haka kujerun kansiloli 62 sun fi kujerun shugabanni shida nuna inda jam'iyya ke da rai. Ana samun mazaɓar da ta zaɓi ciyaman na wata jam'iyya, kansila na wata. Inda aka ga haka, ƙuri'ar kansila ce ta gida, ta ciyaman kuwa ta haɗaka ce ko ta ciniki. Kuma mazaɓun ba girmansu ɗaya ba. Kubwa da Dutse Alhaji a Bwari, ko Gwarinpa da Kabusa a AMAC, kowace ta ninka mazaɓun karkara irin su Kawu da Igu da Gui a yawan masu rajista, amma kowace kansila ɗaya gare ta. Jam'iyya na iya ƙara kansiloli uku alhali jimillar ƙuri'arta ta ragu.

Mai son sanin ko jama'a sun sauya da gaske, ya ɗauki mazaɓa guda ya jera zaɓe biyu gefe da gefe. Ya fara da adadin waɗanda aka tantance. Misali, in jam'iyya ta samu ƙuri'a 1,200 a mazaɓa a wancan karo ta faɗi, sannan ta samu 1,150 a wannan karo ta ci, babu wanda ya koma cikinta, magoya bayan abokiyar hamayyarta ne suka zauna a gida. In kuwa waɗanda aka tantance ba su canza ba, ƙuri'ar wannan ta ragu da 500, ta waccan ta ƙaru da 500, to an samu sauyi, sai a bincika ko wani jigo ne ya tashi da mutanensa. Kada a manta da ƙuri'un da suka lalace. A zaɓen da ake ci da tazarar 300, lalatattun ƙuri'u kan iya fin tazarar yawa.

Lalacewar ƙuri'a tana da dalilai sanannu. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, tambarin jam'iyya ne kawai da haruffanta. Tsohuwar da aka shekara huɗu ana ce mata lema, in mutuminta ya koma tsintsiya wata uku kafin zaɓe kuma ba a je an nuna mata ba, lema za ta dangwala wa. Wasu kan dangwala a kan layin da ya raba jam'iyyu biyu. Wasu kan cika tawada a yatsa, su ninke takardar tun ba ta bushe ba, tawadar ta bugu a gidan wata jam'iyya. Takardu biyu ake bayarwa, ta ciyaman da ta kansila, kowace da akwatinta. Jam'iyyar da ke son ƙuri'arta ta tsira, samfurin takarda take kaiwa gida-gida ta koya wa mutane, ba gangami a filin ƙwallo ba.

A rumfa ake cin zaɓe ko a rasa shi. Ana buɗewa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi da 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe. Na'urar BVAS na tantance mutum da zanen yatsa ko da fuska. A 2022 ta ba da wahala sosai a rumfuna da yawa, mutane suka gaji suka koma gida, ga kuma ruɗanin sababbin rumfuna: a 2021 INEC ta ƙara rumfunan Abuja daga 562 zuwa 2,822, har aka shiga zaɓen 2022 da rumfuna 593 da babu mai rajista ko ɗaya a cikinsu, alhali tsofaffin sun cika maƙil. Mutum ya je inda ya saba, ya tarar an mayar da sunansa wani wuri. Maganin wannan shi ne a duba rumfa tun mako guda kafin zaɓe, a shafin INEC ko a ofishinta na ƙaramar hukuma.

Bayan an ƙirga a gaban jama'a, jami'in rumfa zai cika fom EC8A na ciyaman da ɗan'uwansa na kansila, ya sa hannu da hatimi, wakilan jam'iyyu su sa hannu kowa ya karɓi kwafinsa, a liƙa sakamako a bango, a ɗauki hoton fom ɗin da BVAS a tura shafin IReV, wato shafin INEC na intanet da ake duba sakamakon rumfuna. Wakilin da ya san aikinsa abu uku yake dubawa kafin ya sa hannu: adadin da na'ura ta tantance ya yi daidai da wanda aka rubuta, ƙuri'un jam'iyyu da lalatattu in an haɗa ba su haura wannan adadi ba, kuma abin da aka rubuta da lamba ya dace da wanda aka rubuta da kalmomi. In ƙuri'u suka haura waɗanda aka tantance, aringizo ke nan, soke rumfar za a yi. Akwai masu haddasa wannan da gangan a rumfar da suka san za su sha kaye. In kuma adadin masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ya fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, baturen zaɓe ba zai bayyana kowa ba, sai an sake zaɓe a wuraren. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tsakanin rumfa da cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, inda ake kwashe alƙaluma zuwa fom EC8B, yawanci da dare, a ajin firamare, da fitilar waya. A nan 71 ke komawa 17, ko da kuskure ko da niyya. Jam'iyyu da yawa kan tura wakili rumfa ba abinci, ba kuɗin mota, ba cajin waya, ga alawus da aka ce sai bayan zaɓe. Kafin la'asar wani ya saye shi, ko yunwa ta kore shi, kwafin sakamako ya bi ruwa. Ɗan takarar da bai tara kwafin EC8A na rumfunansa ba, ba shi da abin kaiwa kotu. A lokacin da ake aiki da Dokar Zaɓe ta 2022, kwana 21 ne wa'adin shigar da ƙara daga ranar bayyana sakamako, kuma shari'ar zaɓen ƙaramar hukuma a Abuja a kotun ɗaukaka ƙarar zaɓe ta yankin take ƙarewa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Rikicin fid da gwani ne ke zuwa can. A 2022 APC ta shiga zaɓe a AMAC da Abaji mutum biyu-biyu na jayayya kan tikiti, har a Abaji aka ce jam'iyya ta ci amma sai daga baya kotu ta tabbatar da mai kujerar. Jam'iyyar da magoya bayanta ba su san wa suke zaɓa ba, wasunsu gida za su zauna, wasu su yi mata zagon ƙasa, kuma washegari jarida ta rubuta cewa farin jininta ya ragu.

Sayen ƙuri'a ma ƙarancin fitowa ne ke ba shi ƙarfi. A rumfar da mutum 60 suka fito cikin 700, wanda ya sayi 35 ya gama. Da 400 suka fito, kuɗinsa ba za su kai ba, kuma ba zai iya sa ido a kan kowa ba. Duk mai katin da ya zauna a gida ya rage wa mai sayen ƙuri'a farashi.

Wannan ya kawo mu ga namu mutanen, kuma a nan ne abin ya fi yi mana ciwo. Hausawa sun cika kasuwar Dei-Dei da Wuse da Utako da Zuba da Gwagwa da Karmo, ga direbobi da 'yan acaɓa da masu gadi da masu sayar da ruwa. Da yawansu sun shekara goma ko ashirin a nan, amma katinsu na Kano ne ko Katsina ko Sakkwato ko Zamfara, saboda suna son komawa gida zaɓen gwamna. Wasu kuma a Abuja suke wuni, a Mararraba ko Masaka ko Suleja ko Madalla suke kwana, wato jihohin Nasarawa da Neja, don haka ba su da ƙuri'a a nan. Karu ma biyu ce: akwai mazaɓar Karu ta AMAC, akwai ƙaramar hukumar Karu ta Nasarawa. Alhali jami'an ƙaramar hukumar nan ne ke zuwa karɓar kuɗin shago da na rumfa da na allon talla, su ke raba tikitin tasha. Malaman firamaren da 'ya'yan talakawa ke zuwa, ƙananan hukumomi ke biyan su. A 2025 makarantun firamare na gwamnati a Abuja sun shafe fiye da wata uku a rufe, daga ƙarshen Maris zuwa Yuli, saboda yajin aikin malamai kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin da suke bi. 'Ya'yan manyan ma'aikata ba su rasa darasi ko ɗaya ba. 'Ya'yan mai shayi da mai faci ne suka zauna a gida, kuma iyayensu da yawa ba su da katin da za su hukunta kowa da shi.

Mayar da rajista ba ta da wuya. Ana yi ne lokacin da INEC ta buɗe rajistar masu zaɓe, ta shafinta na intanet ko a ofishinta na ƙaramar hukuma. Mutum ya je da katinsa, ya ba da adireshin inda yake zaune, ya zaɓi rumfa mafi kusa da gidansa, domin ranar zaɓe ba mota, da ƙafa za a je. Kada ya yi sabuwar rajista alhali yana da tsohuwa: laifi ne, kuma na'ura na gano rajista biyu ta soke sabuwar. Ana rufe rajista watanni kafin zaɓe, saboda haka wanda ya bari sai an fara liƙa fastoci ya makara. Bayan an amince sai ya koma ya karɓi sabon kati, wanda a nan ne da yawa ke sakaci, katuna su yi ta zama a ofis. Gaskiya ne wanda ya dawo da katinsa Abuja ya bar zaɓen gwamnan jiharsu. Shawara ce da kowane magidanci zai yanke, amma ya auna da inda 'ya'yansa ke karatu da inda ake karɓar harajinsa. Shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin direbobi da limamai su ne suka fi kowa iya kai wannan saƙo, kuma lokacinsa shi ne ranar da aka buɗe rajista, ba ranar da ɗan takara ya kawo ziyara ba.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta nemi sakamakon mazaɓu 62 daga ofishin INEC na Abuja ta buga shi a jadawali da Hausa: masu rajista, waɗanda suka karɓi kati, waɗanda aka tantance, ƙuri'ar kowace jam'iyya a kujerar ciyaman da ta kansila, da lalatattun ƙuri'u, ga na 2022 a gefe. A ƙara layi guda da ke nuna jam'iyyar da kowane wanda ya ci yake ciki a zaɓen da ya gabata. Shafi ɗaya ya isa. Wa'adin shugabannin nan yanzu shekara huɗu ne, ba uku ba kamar da, don haka a ajiye jadawalin, a riƙa bibiyar kansilolin da suka sauya jam'iyya bayan rantsuwa, ana buga sunayensu da mazaɓunsu.

Wassalam.

Wasu masu bibiyar harkokin zaɓe,
Gwagwalada, Abuja.